Na yi wa mahaifiyarsa alƙawarin shekara biyu, ga shi ya rasu

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 34, ina da digirin digirgir a kimiyyar sinadaran jiki. Shekara biyar ke nan ina bincike a kan wata cutar gado da ba kasafai ake samunta ba, wadda ke hana hanta kawar da amoniya, wato dattin furotin mai guba, daga jini. Akwai wani yaro da iyayensa suka ba mu izini muka ɗebi 'yar fatarsa, da ƙwayoyin halittarsa nake yawancin gwaje-gwajena. Wata rana a asibiti mahaifiyarsa ta riƙe hannuna ta ce, "Dakta, yaushe?" Na ce mata in Allah ya yarda nan da shekara biyu za mu sami abin gwadawa. Shekara uku ke nan da wannan magana, kuma watan jiya yaron ya rasu yana ɗan shekara shida. Zazzaɓi ne ya kama shi, amoniyar ta hau, bai farfaɗo ba. Tun ranar na kasa buɗe tulun sanyin da ƙwayoyinsa suke daskare a ciki. Tallafin bincikenmu saura wata takwas ya ƙare, ga wani kamfanin magunguna ya yi mini tayin aiki a ɓangaren ciwon sukari, albashin ya ninka nawa. Abokan karatuna suna cewa da ma ɓata basirata nake yi a kan cutar da masu ita 'yan ƙalilan ne. Maigidana ya ce duk abin da na zaɓa yana tare da ni. In na tafi, ji nake na ci amanar yaron da uwarsa. In na zauna, ina tsoron in ƙare rayuwata ban warkar da ko mutum ɗaya ba. Ki ba ni shawara don Allah.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan yaron nan, ya sa mai ceton iyayensa ne, ya ba mahaifiyarsa haƙurin rashi. Ke ma ina yi miki ta'aziyya. Na san babu wanda ya zo ya gaishe ki, tunda ba ɗanki ba ne, ba ɗan 'yar'uwarki ba ne, a takardun ɗakin gwaje-gwaje ma lamba ce aka rubuta a jikin 'yar kwalba. Amma duk wanda ya shekara biyar yana ciyar da ƙwayoyin halittar wani yaro, yana zuwa ranar hutu don kawai ya sauya musu ruwa, ya san cewa rashi aka yi miki.

Na karanta wasiƙarki har sau uku. Kin tambaye ni tafiya ko zama, amma ni inda na tsaya shi ne wurin da matar nan ta riƙe hannunki. Alƙawari kaya ne, kuma wannan kayan ne yake danne ki, shi ya sa kowace hanya kika duba sai ki gan ta da laifi. Muddin yana kanki, in kin zauna za ki zauna ne kamar mai biyan bashi, in kin tafi za ki tafi kamar wadda ta gudu da bashi. Ba na so ki yi ko ɗaya daga cikinsu.

Zan faɗa miki gaskiya: kuskure kika yi da kika ambaci shekara biyu. Tausayi ne ya sa ki, na sani, domin ni ma na taɓa yi. Ina farkon aiki wani uba ya tare ni a bakin ƙofa yana tambayar sakamakon 'yarsa, na ce masa mun kusa. Ya yi ta zuwa duk bayan 'yan watanni, ya zauna a kan benci da takardu a cinyarsa, ni kuwa ba ni da abin da zan ƙara a kan "mun kusa". Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce ta ja ni gefe ta ce, ki riƙa faɗa masa abin da kuka yi a wannan watan, ki bar wa Allah abin da zai faru baɗi. Har yau ina jin nauyin mutumin nan. Kuskure ne na baki, ana neman afuwarsa, kuma za ki nema. Amma ba shi ne ya kashe yaron ba, kuma shekara biyun nan ba ta taɓa kasancewa a hannunki ba.

Dubi fannin naki. A 1932 Hans Krebs da Kurt Henseleit suka gano zagayen da hanta ke bi ta mayar da amoniya sinadarin yuriya, wanda ƙoda ke fitarwa a fitsari. Sai wajajen 1980, kusan shekara hamsin bayan nan, Saul Brusilow da Mark Batshaw a jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa ana iya buɗe wa dattin furotin wata ƙofar fita da magunguna irin su benzowet, waɗanda na tabbata an ba yaron nan su ko danginsu. A 1999, a birnin Filadelfiya na Amurka, aka yi wa wani saurayi ɗan shekara 18 mai irin wannan cuta gwajin shigar masa da lafiyayyar ƙwayar gado, ya rasu bayan kwana huɗu, al'amarin da ya ja wa fannin gaba ɗaya birki na shekaru. A wannan birnin dai, a 2025, likitoci suka haɗa wa wani jariri mai matsalar CPS1, wani nau'in wannan cuta ta amoniya, maganin gyaran ƙwayar gado nasa shi kaɗai, cikin kusan wata shida, aka fara ba shi a watan Fabrairu. Ya fara ɗaukar furotin fiye da da, aka rage masa magani, amma su kansu masu aikin ba su yi gaggawar cewa ya warke ba. Wata shidan nan da duniya ta yi ta mamaki, a kan shekara casa'in da uku na aikin wasu take zaune, kuma galibinsu sun bar duniya ba su ga ranar ba.

Ba fanninku kaɗai ba ne. Archibald Garrod, likitan Landan da ake ɗauka uban wannan ilimi, a 1902 ya yi bayanin cutar alkaftonuriya, wadda fitsarin mai ita ke komawa baƙi in ya sha iska, ya kuma gane cewa gadonta ake yi. Ya rasu a 1936. Ba a gano ƙwayar gadon da ke da matsalar ba sai 1996, Turai kuma ba ta amince da magani dominta ba sai 2020. Maganin ma, nitisinon, asalinsa don kashe ciyawa aka ƙirƙire shi. Roscoe Brady ya gano inzayim ɗin (sinadarin da ke sarrafa wani abu a jiki) da masu cutar gado ta Gaucher suka rasa a 1965, maganin bai fito ba sai 1991. Shi ya yi sa'a, ya gani da idonsa, bayan shekara 26.

Ban kawo waɗannan don in ce miki mai haƙuri yakan dafa dutse ba. Kin fi ƙarfin a lallashe ki da karin magana. Na kawo su ne don ki ga ma'aunin da kike auna kanki da shi ba na mutum ɗaya ba ne. Babu wani mai bincike, komai basirarsa, da zai iya ɗaukar wa uwa alƙawarin rana.

Akwai labari ɗaya da nake so ki riƙe, saboda yana da uwa a ciki kamar taki. A 1934 wata mata a Oslo ta kai wa likita Asbjørn Følling 'ya'yanta biyu masu taɓuwar ƙwaƙwalwa, tana cewa akwai wani wari a jikinsu da babu wanda ya kula da shi. Ya ɗiga wa fitsarinsu wani sinadarin ƙarfe da ake gwaji da shi, sai ya ga ya koma kore, launin da bai taɓa gani ba. Ya bi diddigi har ya gano cutar da yau ake kira PKU, inda jiki ke kasa sarrafa wani ɓangare na furotin, ya taru ya lalata ƙwaƙwalwa. Bai warkar da yaran ba. Kusan shekara ashirin bayan nan, a Birmingham ta Ingila, wata uwar ta hana Horst Bickel sakat, kullum da safe tana jiransa a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, har shi da abokan aikinsa Evelyn Hickmans da John Gerrard suka haɗa wa 'yarta abincin da aka tsame wannan ɓangaren daga ciki. Suka wallafa sakamakon a 1953. Yarinyar ta samu sauƙi, amma ɓarnar ta riga ta auku, ba ta koma daidai ba. Sai a farkon shekarun 1960 Robert Guthrie ya fito da gwajin ɗigon jini daga diddigen jariri a kan 'yar takarda, aka fara kama cutar tun kafin ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yau akwai masu PKU da suka yi karatu, suka yi aure, suka haihu. A cikin mutanen nan, wa za ki ce bai warkar da kowa ba? Følling ne, da 'ya'yan matar suka ci gaba da zama yadda suke? Bickel ne, da ya makara?

Sannan kada ki raina sanya wa cuta suna. Iyalai da yawa suna shafe shekaru daga wannan asibiti zuwa wancan, suna binne jariri bayan jariri, ana ce musu ciwon ƙwaƙwalwa ne ko cutar jini, har uwa ta fara zargin kanta. Ranar da wani ya ce musu ga sunan abin, ga yadda ake gadonsa, ga abin da za a yi wa jariri na gaba tun daga ranar haihuwa, wannan ranar tana ceton rai, ko da babu wanda zai rubuta sunanki a kai.

Maganar abokan karatunki ba zan daɗe a kanta ba. Cututtukan da ba kasafai ake samu ba sun haura 6,000, kuma in aka haɗa masu su an ƙiyasta sun kai kusan mutum miliyan 300 a duniya. Kusan kashi 72 cikin ɗari na cututtukan na gado ne, kuma mafi yawansu, wajen kashi 95, ba su da maganin da hukuma ta amince da shi. Amma ba adadin ne hujjata ba. A ƙarshen shekarun 1960 Joseph Goldstein ya duba wasu yara biyu 'yan gida ɗaya, mai shekara 6 da mai 8, da suke fama da bugun zuciya saboda kolestarol ya yi musu mugun yawa, cutar da a lokacin ake ƙiyasta mutum ɗaya cikin miliyan ke da ita. Shi da Michael Brown suka zauna a Dalas da ƙwayoyin fatar irin waɗannan marasa lafiya, kamar dai yadda kike yi, suka gano ƙofar da ƙwayar halitta ke ɗauke kolestarol daga jini ta cikinta. An ba su kyautar Nobel a 1985, kuma bayanin da suka yi shi ne ya fayyace yadda magungunan sitatin masu rage kolestarol ke aiki, waɗanda miliyoyin mutane ke sha yau. Inda inzayim ɗaya tak ya lalace, a nan ne ake ganin ainihin aikinsa. Wanda ya ce wannan ɓata basira ne, bai san inda ilimin da yake taƙama da shi ya fito ba.

To amma wannan hujjar tana da kaifi biyu, kuma dole in nuna miki ɗaya gefen. In ilimin jikin mutum ɗaya ne, komawa binciken ciwon sukari ba cin amana ba ne. Manya fiye da miliyan 500 ke fama da shi, su ma 'ya'yan wasu ne. Hantar da kika sani ciki da bai ita ce dai hantar da ke zuba sukari cikin jini. Har ma a cikin ciwon sukarin akwai nau'o'in gado da ba kasafai ake gani ba: a 2004 Andrew Hattersley da Frances Ashcroft da abokan aikinsu a Ingila suka gano sanadin wani nau'i da ke kama jarirai kafin su cika wata shida, sakamakon haka da yawansu suka bar allurar insulin suka koma shan ƙwaya. Kuma tun da Amurka ta yi dokar magungunan marayun cututtuka, wato waɗanda ba kasafai ake samunsu ba, a 1983, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2000, kamfanoni da yawa suna da sashen irin cututtukanki. Mai binciken da ya san yadda ake kai magani daga kwalba zuwa gadon asibiti, ya san hukumomi da ƙa'idojinsu, yana da abin da yawancin 'yan jami'a ba su da shi. Wasu sun tafi sun dawo da wannan ilimin. Kuɗi kuma ba abin kunya ba ne. Rayuwar kwantiragin shekara biyu ko uku, kullum ana lissafin ranar da tallafi zai ƙare, ta cinye mutanen kirki da yawa, kuma ban taɓa ganin laifin wanda ya ce ya gaji ba.

Abin da ba na so shi ne ki sa hannu a wata takarda a cikin watan nan. Ki rubuta wa kamfanin ki nemi wata biyu. Ba sai kin ba su labarin yaron ba, ki ce kina da aikin da ya wajaba ki rufe shi yadda ya dace. Masu neman ki da gaske za su jira, in kuma suka ƙi, kin fara sanin irin wurin. A wannan makon kuma ki zauna da shugaban ɗakin bincikenku ki tambaye shi kai tsaye: bayan wata takwas me ke akwai, wace takardar neman tallafi aka tura, da sunan wa, yaushe za a ji amsa? Ba a fafe gora ranar tafiya. In amsarsa ba ta wuce "za mu gani" ba, ki ɗauke ta a yadda take. Ki duba ƙungiyoyin iyayen masu irin wannan cuta, domin a wannan fanni sau da yawa su ne ke ɗaukar nauyin aikin da manyan masu ba da tallafi suka wuce.

Ko zama za ki yi ko tafiya, akwai haƙƙin da yake wuyanki da gaske, kuma ba magani ba ne. Shekara biyar ɗin nan kada ta ruɓe a cikin littafinki. Ki rubuta abin da kika samu, har da gwaje-gwajen da ba su yi ba, domin a cutar da masu bincikenta a duniya ba su cika ɗaki ɗaya ba, duk hanyar da kika bi ta toshe ba ki faɗa ba, wani zai ɓata shekara biyu a cikinta. Ki shigar da canjin ƙwayar gadon yaron a rumbun ClinVar, inda ake tattara bayanan canje-canjen ƙwayoyin gado a intanet, bisa ƙa'ida, don likitan da zai ci karo da irinsa a wata nahiya ya gane abin da ke gabansa. Ƙwayoyin kuma, in izinin iyayen ya ba da dama, a raba su a ajiye kashi a wani amintaccen rumbu, kada lalacewar tulu ɗaya ta tafi da su. In kin yi wannan, ko gobe kika tafi kin sauke amana.

Yanzu maganar mahaifiyarsa. Ki je. Amma ki bi ta hannun likitan da ya kula da shi, ki kuma sanar da kwamitin ɗa'ar bincike na wurinku, domin akwai ƙa'ida tsakanin mai bincike da iyalin da suka ba da samfur, kuma ita ma tana da 'yancin cewa ba ta shirya ganinki ba. In ta yarda, kada ki tafi da takardu ko hotunan sakamako. Ki yi mata gaisuwa, ki bar ta ta yi maganar ɗanta, abin da yake so da abin da ke ba shi dariya, domin ke fatarsa kika sani, ita ta san shi. Sa'an nan ki ce mata: na faɗa miki shekara biyu, ban da ikon faɗar haka, ki yafe mini. Kada ki ɗora da wani sabon alƙawari, ko da na cewa ba za ki taɓa barin aikin ba. Wannan shi ne tarkon da na fi jiye miki, don bakinki zai so ya faɗa. Daga baya, ba lallai a ranar ba, a tambaye su ko suna so a ci gaba da aiki da ƙwayoyinsa. Wasu iyayen suna samun sanyi da sanin cewa wani abu na ɗansu yana nan yana amfani, wasu kuma so suke a bar shi ya huta gaba ɗaya. Duk abin da suka ce, shi za a yi. In suna da wasu 'ya'yan ko suna sa ran haihuwa, ki tabbatar an haɗa su da mai ba da shawara kan cututtukan gado, a yi gwajin da ya kamata. Wannan yana hannunki yau.

In barci ya ci gaba da gagarar ki, ko kika ga makonni suna wucewa ba ki iya cin abinci ko shiga ɗakin, ki ga likitan da ya san damuwa, kada ki ce ai ke ma dakta ce. Maigidanki kuma da ya ce yana tare da ke, ki ba shi labarin hannun da aka riƙe. Ina zargin lissafin albashi kawai kika nuna masa.

Kin nemi ra'ayina, ga shi: zuciyata ta fi karkata ga ki zauna a fannin, ko ba a wannan ɗakin ba, domin mutanen da suka iya mayar da ƙwayar fata ta zama mai kama da ta hanta, suka kuma san fuskar masu cutar, ba su da yawa. Amma ni ba ni zan rayu da zaɓin ba. Bayan kin dawo daga wurin matar nan, in sun ba da izini, ki nemi abokiyar aiki ɗaya da kika yarda da ita ta tsaya kusa da ke. Ki sa safar sanyi, ki ɗaga murfin tulun, ki bari farin hayaƙin naitirojin ya kwaranya ya wuce, ki ciro kwalba ɗaya mai lambar nan da kika haddace. Ki narkar da ita, ki shuka, ki sa a akwatin ɗumi, ki tafi gida. Washegari ki leƙa maikuroskof. Za ki gan su sun kama gindin faranti sun fara miƙewa. Ki lura da abin da ya fara zuwa miki a rai. In tambaya ce, irin su me ya sa waɗannan suke yin kaza in an ƙara musu kaza, to aikin bai gama da ke ba, sai mu zauna mu yi maganar inda za ki nemo kuɗinsa. In kuwa ba ki ga komai ba sai fuskar uwarsa, ki rubuta duk abin da kika sani game da su dalla-dalla, ki damƙa wa abokiyar aikin taki, ki kira kamfanin ki ce kina zuwa. Ki rubuto mini bayan wata biyun, ina so in ji yadda kuka yi da ita.